Yadda Ake Zaɓen Tinti Na Gilashin Mota Don Rage Zafi Da Kare Fata

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a fili cikin watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ya shiga kasuwa ko ofis, sannan ya dawo bayan azahar, ya san abin da ake nufi da zafin mota. Sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen bel ɗin kujera yana ƙuna kamar yanzu aka ciro shi daga murhu, da zarar ka buɗe ƙofa kuma hucin ciki ya daki fuskarka. A irin wannan lokaci zafin waje kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, motar da aka rufe a rana kuwa takan ƙara kusan digiri 20 a kan na waje cikin awa guda. Wannan ne ke kai yawancinmu wurin masu liƙa ledar gilashi, wadda aka fi sani da tinti, kuma maganar farko da kan fito daga bakin mai mota ita ce a sa masa mai duhu sosai.

Ni ma abin da na faɗa ke nan a karon farko. Mai shagon ya warware wata leda baƙa ƙirin, ya ɗaga ta sama ya ce, "Alhaji, wannan ko ranar Sakkwato ba ta ratsa ta." Na biya na tafi ina murna. Ba a yi damina biyu ba ledar ta koma shunayya, ta yi ƙuraje a gilashin baya har ba na iya tantance motar da ke bina, zafin bai ragu yadda na zata ba, ga wahalar tuƙin dare da na jawo wa kaina. Sai da na biya kuɗin ɓare ta, na sake biyan na wata, kafin na gane cewa duhun leda daban, ƙarfinta na tare zafi daban. A kan wannan bambanci dukkan matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na ɗaya: ka san abin da kake son tarewa

Abin da rana ke saukewa a kan mota iri uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, wanda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin rana. Akwai wanda ido ba ya gani amma fata tana jin ɗuminsa, wato infirared, shi kuma ya kai kimanin rabin ƙarfin gaba ɗaya. Na uku shi ne ultrabayolet, wanda ake taƙaita sunansa da UV. Bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, saboda haka ba ya ƙara wa mota wani zafin a zo a gani, amma shi ne ke ƙona fata, ya tsufar da ita da wuri, ya taimaka wajen kawo yanar ido da sankarar fata, kuma shi ne kan gaba wajen koɗar da kujeru da tsattsaga dashbod.

Baƙin leda yana tare hasken da ido ke gani ne kawai. Tana iya zama baƙa wuluk amma ta bar infirared yana wucewa, kamar yadda wata ke iya zama garau, har ba za ka san an liƙa komai ba, alhali tana tare UV kusan duka, domin sinadarin da ke wannan aiki ba shi da launi. Duk da haka kada a ɗauka duhu ba shi da wani amfani ko kaɗan: tunda hasken gani ma yana ɗauke da zafi, idan aka ɗauki leda biyu masu ƙira ɗaya, mai duhun za ta ɗan fi tare zafi. Kuskuren shi ne a mayar da duhu ma'auni shi kaɗai.

Batun UV yana buƙatar ƙarin bayani, saboda gilasan mota ba ɗaya ba ne. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da wata roba a tsakiya, kuma wannan roba tana tare UV sosai. Na gefe kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa domin idan ya fashe ya wargaje ƙanana-ƙanana. Yana tare nau'in UV mai saurin ƙona fata, amma ɗaya nau'in, wanda ke ratsawa can cikin fata, yana samun hanya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2016 ya auna motoci 29, ya samu gilashin gaba yana tare kimanin kashi 96 cikin 100 na wannan nau'i, na gefe kuwa matsakaicinsa kashi 71 ne, har akwai motar da ba ta wuce kashi 44 ba. Shi ya sa direban da ya daɗe a hanya za ka ga hannunsa na hagu ya fi na dama duhu da kaushi. Baƙar fata tana da nata kariyar, amma ba cikakkiya ba ce, kuma akwai waɗanda lamarin ya fi ƙarfin jin daɗi a wurinsu: zabiya, wanda rana ke yi wa illa mai tsanani har ta kai ga sankara, da mai ciwon lufus, wato ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jikin mai ita, da mai shan wasu magungunan da ke sa fata ta kasa jure rana, da wanda aka yi wa aikin ido. Idan akwai irin wannan a iyalinka, to UV ne kan gaba a lissafinka, zafi ya biyo baya.

Mataki na biyu: ka duba gilashin da ke jikin motarka

Kafin ka je ko'ina, ka tsuguna ka karanta ɗan tambarin da ke kusurwar kowane gilashi. A motoci da yawa, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Kanada, za ka ga AS1 a gilashin gaba, AS2 a na gefe masu haske, AS3 kuma a waɗanda suka zo da duhu daga kamfani. AS1 da AS2 suna nufin gilashin yana barin aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce. Ma'ana ko gilashin da kake gani garau ya riga ya rage wani abu.

Amfanin sanin haka shi ne lissafi. Hasken da zai shiga bayan an liƙa leda ana samunsa ne ta hanyar ninka adadin gilashi da na leda. Idan gilashinka yana barin kashi 75, ka liƙa masa leda mai barin kashi 35, abin da zai rage kimanin kashi 26 ne, ba 35 ba. Mutane da yawa sukan zaɓi leda a hannu, su ga ta yi musu daidai, sai bayan an liƙa su tarar ta fi yadda suka zata duhu, kuma dalilin ke nan.

Manyan motocin iyali da jif-jif sukan zo da baƙin gilashi a baya tun daga kamfani. Wannan launi a cikin gilashin kansa yake, an yi shi ne domin sirri, kuma ba tabbas ne ya tare UV da infirared kamar leda mai kyau ba. Idan yara ne ke zama a baya, abin da ya dace shi ne a ɗora masa leda mai haske wadda ke tare zafi, ba wata baƙa ba, domin baƙi a kan baƙi zai rufe maka gani gaba ɗaya idan za ka yi ribas da dare.

Mataki na uku: ka daidaita da doka tun kafin ka kashe kuɗi

A Najeriya dokar da ta hana sa gilashi mai duhu a mota ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1991. Abin da ta hana shi ne a yi wa gilashi duk wani abu da zai sa a kasa ganin mutane ko kayan da ke cikin mota, sai dai idan an samu izini daga Sufeto Janar na 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko na tsaro. A shekarar 2021 rundunar ta dakatar da bayar da wannan izini, a 2025 kuma ta dawo da shi ta shafinta na intanet mai suna POSSAP, har ta ce motocin da suka zo da baƙin gilashi daga kamfani ma sai sun nema. Lamarin ya kai gaban kotu, an kuma sha ɗage ranar fara kame, don haka ka bincika matsayin da ake ciki a lokacin da za ka yi aikin. Mai dalilin lafiya ya tanadi takardar likita. Wanda kuma ke tsallaka iyaka zuwa Nijar ko Kamaru ko Chadi ya tambayi tsarin can, domin takardar wata ƙasa ba ta yi maka magana a shingen wata.

Ra'ayina a nan a fili yake. Jami'in da ke tsaye a shingen bincike da dare, a yankin da ke fama da matsalar tsaro, yana da hujjar son ganin wanda ke cikin motar da ta tunkaro shi. Idan abin da kake nema sanyi ne da kariyar fata, kana iya samunsu da ledar da ake hango fuskarka ta cikinta, ka huta da tsayawa da dogon bayani a kowane shinge.

Mataki na huɗu: ka rarrabe nau'o'in leda

Mafi araha ita ce mai rini. Roba ce da aka rina baƙa, tana shanye haske maimakon ta mayar da shi, sai gilashin ya ɗauki zafi ya riƙa hura wani kaso cikin mota. Tana rage ƙyallin rana, tana ba da sirri, amma rana irin tamu ba ta barin rininta ya daɗe. Ita ce ke komawa shunayya, kuma ita ce ta cika kasuwa. Mafi munin irinta ita ce wadda aka zuba launin a cikin gam ɗin, ba a jikin robar ba.

Sai mai ƙarfe, wadda aka shafa wa ƙurar ƙarfe siririya ƙwarai. Tana mayar da zafi waje kamar madubi, tana da ƙarko, launinta ba ya saurin canzawa. Aibinta biyu ne. Na farko tana iya raunana sabis ɗin waya da rediyo da na'urar nuna hanya, musamman a motar da eriyarta ke cikin gilashin baya. Na biyu ƙyallinta na madubi yana jawo ido, har da idon jami'an tsaro. Akwai kuma wadda aka gauraya rini da ƙarfe domin rage ƙyallin.

Ta kabon ba ta da ƙarfe, don haka ba ruwanta da sabis. Baƙinta a kwance yake ba ƙyalli, ba ta komawa shunayya, kuma ta fi mai rini tare zafi. Ga mai matsakaicin hali, wannan ce nake ganin mafi ƙarancin abin da ya kamata a saya.

Ta seramik ita ce ta dace da yanayinmu. An cusa mata ƙwayoyin seramik ƙanana ƙwarai da ke tare infirared ba tare da sun duhunta gilashi ba, ba ta taɓa sabis, ba ta koɗewa da wuri. Kusa da ita akwai wata da ake haɗawa da falle-falle sirara masu yawa, kamar Crystalline ta kamfanin 3M mai falle sama da 200, wadda mai haskenta, mai barin kashi 70 na haske, ke tare kusan rabin ƙarfin rana. Sauran sunayen da suka yi fice a wannan sana'a sun haɗa da LLumar da SunTek da Solar Gard da XPEL da V-Kool. Kuɗin irin waɗannan yakan ninka na mai rini sau da yawa, gaskiya ne, amma wanda ya sa mai araha sau uku cikin shekara biyar, ga kuɗin ɓarewa kowane karo, ya riga ya biya kuɗin mai kyau bai more ta ba. Idan aljihu bai kai a yi wa mota duka ba, a fara da gilasan gefe na gaba, inda rana ke dukan direba da na kusa da shi.

Mataki na biyar: ka karanta lambobi, kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa

Kowace leda ta gaske tana da takardar bayani daga kamfani, kuma lambobi uku ne za ka nema a ciki. Na farko VLT, wato kason hasken gani da ledar ke bari ya wuce. Ƙaramar lamba tana nufin duhu mai yawa, don haka 5 baƙa ce ƙirin, 70 kuma kusan garau. Na biyu kason UV da take tarewa, wanda bai kamata ya gaza 99 cikin 100 ba, kuma kusan duk ledar kirki ta kai haka ko mai haske ce. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga mai gudun zafi, shi ne TSER, wato jimillar ƙarfin rana da ledar ke hanawa shiga, an haɗa hasken gani da infirared da UV a lissafi ɗaya. Idan kana kwatanta leda biyu, ka ɗauki masu VLT iri ɗaya ka duba wadda TSER ɗinta ya fi. Wadda ta kai 50 ko ta haura ta yi abin kirki, musamman idan mai haske ce.

Akwai lamba ta huɗu da masu talla suka fi son ɗagawa, ita ce kason infirared da aka tare. Za ka ga an rubuta 95 ko 97 ko 99 da manyan haruffa a jikin kwali. Ka yi hattara da ita. Infirared na rana faffaɗan zango ne, daga kimanin 780 zuwa 2500 a nanomita, wato ma'aunin da ake rarrabe nau'o'in haske da shi, amma sau da yawa ana auna ledar ne a ɗan siririn wurin da ta fi ƙarfi, kamar tsakanin 900 da 1000, sai a buga sakamakon kamar ya shafi zangon duka. Ko da ma ta tare infirared ɗin baki ɗaya, rabin zafi kawai ta tare. Babu ledar da ake gani ta cikinta da ke tare kashi 99 na zafin rana. Duk wanda ya gaya maka haka, ko bai sani ba ko ya sani.

Mataki na shida: ka zaɓa wa kowane gilashi duhun da ya dace da shi

A nan ne mutum ya kamata ya tuna da dare, ba rana kaɗai ba. Hanyoyinmu da yawa ba su da fitilu. Ga mai babur da ba wuta a baya, ga mai keke, ga amalanke, ga yaro da ya tsallako da gudu, ga garken shanu a kan titi bayan magariba, ga kuma hazon hunturu ko ruwan damina a kan gilashi. Da ledata ta farko, dole nake sauke gilashi kafin in sha kwana a layinmu da dare, domin madubin gefe ba ya nuna mini komai sai duhu, kuma ranar da na kusa taka wani dattijo da ke alwala a bakin kwata na san ledar nan ba za ta ƙara mako a motar ba.

Gilashin gaba kada a sa masa komai mai duhu. Ko dai a bar shi yadda yake, ko a sa masa seramik mai VLT 70 zuwa sama, ko a tsaya ga ɗan siririn layi a can sama domin tare ƙyalli. Da yake shi ne gilashi mafi faɗi kuma a kishingiɗe yake, zafi mai yawa ta nan yake shiga, shi ya sa leda mai haske a kansa ke kawo bambancin da ake ji a jiki. A Birtaniya doka ta ce gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 na haske, na gefen direba da na kusa da shi kashi 70, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai son ganin hanya sosai. Ga gilasan gefe na gaba, leda mai VLT 70 ko 50 ta wadatar, ko da yake idan aka haɗa lissafinta da na gilashin, hasken zai gaza wancan ma'auni. Na gefe na baya da na can baya za su iya ɗaukar 35 idan doka ta ba ka dama. Lamba 20 ta yi duhu ga mai yawan tuƙin dare, 5 kuwa ban ga dalilin da zai sa mai motar gida ya kusance ta ba. Wanda shekaru suka fara ja, ko mai matsalar ganin dare, ya ƙara haske a kan waɗannan lambobi.

Mataki na bakwai: ka gwada ledar a shago

Ka roƙi a yanko maka ƙyalle daga ainihin naɗin da za a yi maka aiki da shi, ba daga littafin samfur ba. Ka fita da shi rana tsaka, ka ɗora a kan gilashin motarka, ka sa bayan hannunka a ƙarƙashi, sannan ka kwatanta da wurin da ba leda. Wasu shaguna suna da akwatin gwaji mai jan ƙwan fitila; yana da amfani, amma ka sani fitilar infirared ta fi fitarwa, don haka takan nuna ledar ta fi yadda za ta yi a rana. Idan kana da tabarau irin mai yin duhu da kansa a rana, ka samu ma'aunin UV a aljihunka: ka rufe rabinsa da ƙyallen ledar ka tsaya a rana minti ɗaya, idan ledar ta gaske ce ɓangaren da aka rufe zai tsaya kusan fari yayin da ɗayan ya yi duhu.

Daga nan ka ɓare farar robar da ke rufe gam ɗin, ka kankare gefen gam da farce ko bakin makulli. Idan baƙin ya biyo farcenka ya bar roba fara, launin a cikin gam yake, ka ajiye ta. Ka leƙa ta cikinta zuwa nesa. Leda mai kyau ba ta sa abu ya yi dishi-dishi ko hazo.

Jabu ya yi yawa a wannan kasuwa, kuma buga sunan babban kamfani a kwali ba wuya ba ne. Ka tambayi sunan kamfanin da sunan samfurin da lambarsa, ka buɗe shafin kamfanin a wayarka nan take ka ga ko akwai shi, ko kuma lambobin sun yi daidai. Ka nemi rasit da aka rubuta sunan ledar a ciki, da takardar garanti da ta fayyace abin da ta ƙunsa: canza launi, kumbura, ɓarewa. Idan aka ce maka seramik ce amma kuɗinta bai wuce na mai rini da komai ba, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Mataki na takwas: ka zaɓi mai aiki da wurin aiki

Leda mai tsada a hannun wanda bai iya ba asara ce. Babban abokin gabar wannan aiki ƙura ce, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga tsakanin leda da gilashi ta zauna ke nan har ranar da za a ɓare. Saboda haka kada ka yarda a yi maka a bakin titi ko ƙarƙashin bishiya, balle a lokacin hunturu. Ka nemi shago mai rufi da ƙofa, inda ake kashe fanka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Ka dubi motar da suka gama kafin taka, ka bi gefunan gilashinta da ido.

Ƙwararre yakan fara da wanke gilashi ciki da waje, ya kankare duk wani datti da tsohon gam. Yakan shimfiɗa ledar a waje ya auna, ya bi ta da na'urar hura zafi har ta ɗauki lanƙwasar gilashin, sannan ya shigar da ita ciki, domin a ciki ake liƙa tinti. Yakan fesa ruwa mai ɗan sabulu, ya daidaita ta, ya matse ruwan da faffaɗar roba daga tsakiya zuwa gefe. Ka ce a yi gilashin baya da falle ɗaya, ba a yanka biyu ko uku a haɗa ba. Ka ce a rufe jikin ƙofa domin kada ruwa ya gangara cikin maɓallan gilashi da lasifika. Idan da reza ake yanka a jikin gilashi, ka lura kada a bar maka zane. Shagon da ke yanka da inji bisa ma'aunin motar ya fi aminci. Motar da ke da kyamara ko na'urar jin ruwan sama a bayan madubin tsakiya, a zagaye wurin, kada a rufe. Ƙaramar mota takan ci awa biyu zuwa huɗu, kuma wanda ya ce zai gama cikin minti talatin akwai abin da zai tsallake.

Kafin ka biya, ka fitar da motar rana ka duba daga ciki da waje. Saman ledar gilashin gefe ya bi bakin gilashin a miƙe, da ɗan tazarar da ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma kada a ga haske yana leƙowa ta gefuna.

Mataki na tara: kwanakin farko da kulawar yau da kullum

Kada ka sauke gilashi har kwana uku zuwa biyar, da damina ma ka ba shi mako guda. Ya fi kyau ka manna ɗan salatif a kan maɓallan saboda yara da mantuwa. A kwanakin nan za ka ga hazo-hazo da ƙananan ƙullutun ruwa a ƙarƙashin ledar. Kada ka danna su, kada ka huda da allura, rana za ta busar da su cikin mako biyu zuwa huɗu. Wanda ba ya tafiya shi ne ɗigo mai ƙwayar datti a tsakiya da farin zobe kewaye da shi. Idan irinsa ya yi yawa, ka koma a sake maka.

Tinti yana jinkirta shigar zafi ne, ba ya mayar da mota firji. Motar da ta yini a rana a rufe za ta yi zafi ko wace leda ce a jikinta, don haka inuwa da abin tare rana na gilashin gaba suna nan da amfaninsu, kuma ba a barin yaro a cikin rufaffiyar mota ko na minti kaɗan ne, da tinti ko babu. Inda za ka ji bambancin sosai shi ne a kan hanya: rana ta daina cizon hannu da cinya, na'urar sanyaya mota kuma ta daina fama kafin ta kama.

Wajen wanki, ka gaya wa yaran da ke wanke maka mota cewa cikin gilashi ba ya son garin sabulun wanki, ko soso mai kaushi, ko ruwan goge gilashi mai sinadarin amoniya, domin yana cin ledar. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne robar bakin ƙofa da gilashi ke shiga yana fita ta cikinta. A ƙasa mai yashi irin tamu tana tara ƙura, kuma duk saukewa da ɗagawa yashin yana zana dogayen layuka a jikin ledar. Ka riƙa sauke gilashin ƙasa gaba ɗaya lokaci-lokaci, ka naɗa jiƙaƙƙen tsumma a yatsa ka share cikin robar. Haka kuma ka riƙa sakin bel a hankali, domin ƙarfensa idan ya daki gilashi yana ɓantare leda.

Idan tsohuwar leda za a cire kafin a sa sabuwa, ka tsaya a kan gilashin baya da kanka. Siraran layukan da ke kwance a jikinsa wayoyi ne masu ɗumama gilashi su kore raɓa, a wasu motocin kuma har da eriyar rediyo a cikinsu, kuma reza tana tsinke su a shafa ɗaya. A yi amfani da tururi ko na'urar hura zafi a tausasa gam ɗin, a ja ledar sannu a hankali daga kusurwa, sauran gam ɗin da ya maƙale kuma a goge shi da tsumma ana bin tsawon layukan, ba a gicciye ba.